Sakaya Zance da Fayyace Shi Tsakanin Turawan Ingila da na Amurka

Ga wanda bai taɓa zama da su ba, Bature dai Bature ne. Da na Landan da na Washinton duk launi ɗaya, harshe ɗaya, sutura iri ɗaya, har ma akan ce tsatsonsu ɗaya, tun da yake daga tsibirin Birtaniya ne kakannin waɗanda suka kafa Amurka suka yi ƙaura a ƙarni na 17. Amma wanda Allah ya haɗa shi da su a aji ko a wurin aiki ba ya daɗewa sai ya lura cewa, ko da yake kalmomin bakinsu ɗaya ne, mudun da kowannensu yake auna kalmomin da shi daban ne. Abin da Ba'amurke zai kira gagarumin aiki, a bakin Baturen Ingila ba ya wuce "ba laifi". Abin da kuwa Baturen Ingila zai kira 'yar matsala, wata sa'a gobara ce wadda ta riga ta ci rabin gari. Mai karatu yana iya ɗaukan wannan abin raha ne kawai na teburin shayi, to, amma an taɓa asarar rayuka a inda wannan bambanci ya sa hannu.

A daren 22 ga Afrilu, 1951, lokacin yaƙin Koriya, rundunar sojojin Sin ta ƙetare kogin Imjin ta auka wa Birged ta 29 ta sojojin Birtaniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin umurnin wani janar Ba'amurke mai suna Robert Soule. Ɗaya daga cikin bataliyoyin wannan birged, watau ta mutanen Gloucestershire, ta sami kanta a kan wani tudu, abokan gaba da suka ninka ta sau da yawa sun yi mata zobe. Masu tarihin wannan yaƙi sun ruwaito cewa da Soule ya tambayi shugaban birged ɗin, Birgediya Tom Brodie, halin da ake ciki, sai ya amsa masa da cewa al'amura sun ɗan yi danƙo. Duk wani hafsan Ingila da ya ji wannan magana daga bakin ɗan'uwansa ya san cewa ruwa ya kai wuya, domin a tarbiyyarsu abin kunya ne soja ya ɗaga murya ya ce ya shiga uku. Shi kuwa Soule ya ɗauki maganar a yadda ta fito: abu ya yi ɗan wuya, amma ana iya jurewa. Sai ya ce su ci gaba da riƙe wurinsu. Kafin a ba su iznin janyewa a ranar 25 ga wata, hanya ta riga ta toshe. An kashe waɗansu, an kama fiye da 500, cikinsu har da shugaban bataliyar, Laftanar Kanar James Carne, 'yan ƙalilan ne kawai suka sulale suka tsira.

Adalci ne a faɗi cewa jimla ɗaya ba ta isa ta hallaka bataliya ba. An yi ƙoƙarin kai musu ɗauki a ranar 24 ga wata da sojojin Filifin da tankokin yaƙi, abin bai yiwu ba, kuma janyewarsu da wuri tana iya buɗe wa abokan gaba ƙofa a kan sauran rundunoni. Duk da haka labarin ya zauna a zukatan mutane, saboda kowa ya gane cewa babu maƙaryaci tsakanin mutanen nan biyu. Brodie ya faɗi gaskiya a irin yadda aka koya masa faɗinta, Soule kuma ya saurara a irin yadda aka koya masa sauraro.

Wannan ɗabi'a ta rage wa magana nauyi tana da ranarta. A ranar 24 ga Yuni, 1982, wani jirgin sama ƙirar Boeing 747 na kamfanin British Airways, a kan hanyarsa daga Kuala Lumpur zuwa Perth ta Ostareliya, ya kutsa cikin tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunusiya, injinansa huɗu duka suka mutu. Matuƙin jirgin, Kyaftin Eric Moody, ya sanar da fasinjoji cewa an sami wata 'yar matsala, injina huɗu duka sun tsaya, ana bakin ƙoƙari a tashe su, yana kuma fatan hankalinsu bai tashi da yawa ba. Allah ya taimake su injinan suka tashi, jirgin ya sauka a Jakarta, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne, Moody ya rage wa maganar zafi, amma bai ɓoye ainihin labarin ba, ya ambaci adadin injinan da abin da ya same su. A maganar da aka jingina wa Brodie kuwa, murya mai sanyi kaɗai ta fito, babu adadi a tare da ita.

Wani lokaci ma saɓanin a cikin ƙamus yake zaune. Winston Churchill ya ba da labari a cikin tarihin da ya rubuta na Yaƙin Duniya na Biyu cewa manyan hafsoshin ƙasashen biyu sun taɓa yin doguwar gardama a kan wata takarda mai muhimmanci. 'Yan Ingila suka ce a ɗora ta a kan tebur, Amurkawa suka ce sam ba za a yi haka ba. Ashe a majalisun Ingila ɗora batu a kan tebur yana nufin a gabatar da shi yanzu a tattauna, a na Amurka kuwa yana nufin a jingine shi sai wani jiƙon. Sai da aka sha musu kafin a gane cewa abu ɗaya dukkansu suke so. Haka kalmar nan "quite" take. In Ba'amurke ya gwama ta da yabo, ƙara wa yabon ƙarfi ya yi, in kuwa Baturen Ingila ne, galibi rage masa ya yi. Irin wannan saɓani dai mai sauƙi ne, mai ƙamus yana iya warware shi. Mai wuyar shi ne wanda ya shafi abin da kowace al'umma ta ɗauka shi ne girmama mutum.

A nan ne aikin masana harshe biyu, Penelope Brown 'yar Amurka da Stephen Levinson ɗan Birtaniya, yake da amfani. A nazarin da suka fara bugawa a 1978, suka kuma faɗaɗa shi ya zama littafi a 1987, sun kwatanta Ingilishi da harshen Tamil na Indiya da Tzeltal na Meziko, suka gina bayaninsu a kan abin da Erving Goffman ya kira fuska, wanda Bahaushe zai fi saurin ganewa in an ce mutunci. A ganinsu kowane ɗan Adam yana da bukatu biyu: yana so a so shi a yarda da shi, yana kuma so a ƙyale shi kada a takura masa. Daga ta farko aka sami ladabin jawo mutum a jika, watau a kira shi da sunansa na yanka, a yabi rigarsa, a tambayi iyalinsa, a nuna masa duk ɗaya ake. Daga ta biyu aka sami ladabin ba mutum sarari, watau a nemi gafara kafin a yi masa magana, a kewaye bukata, a bar masa ƙofar ƙi. Su da kansu sun kawo yammacin Amurka a matsayin misalin al'ummar da ta karkata ga na farko, Birtaniya kuma ga na biyu. Wahalar ita ce, abin da yake karramawa a wancan tsari cin fuska ne a wannan. Ba'amurken da ya zauna kusa da baƙo a jirgin ƙasa ya tambaye shi sana'arsa da garinsu, shimfiɗar fuska yake yi masa. Baturen Ingila da aka yi wa haka kuwa gani yake an shigar masa ɗaki ba sallama. In shi kuma ya buɗe jaridarsa ya yi shiru, kyautar zaman lafiya yake ba maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma ya tashi da cewa ya gamu da mai girman kai.

Wata masaniyar halayyar al'umma 'yar Ingila, Kate Fox, ta gwada wannan a aikace. A littafinta Watching the English na 2004 ta bayyana yadda ta riƙa bangazar mutane da gangan a tasoshin jirgin ƙasa da wuraren cunkoso, kamar bisa kuskure, don ta ji abin da za su ce. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na 'yan Ingilar da ta bangaza su ne suka ba ta haƙuri. Ba wai sun zaci laifinsu ba ne. Kalmar ta riga ta zama kamar atishawa, tana fita da zarar an keta iyakar da ke tsakanin jiki da jiki. Haka nan Lynne Murphy, Ba'amurkiya mai koyar da ilimin harshe a Jami'ar Sussex ta Ingila, ita da Rachele De Felice, sun bincika wasiƙun imel na ma'aikatan kamfanoni a ƙasashen biyu, suka tarar kalmar roƙo ta "please" ta fi yawa a wasiƙun Birtaniya da kusan ninki biyu. Mai gaggawa zai yanke hukunci cewa Amurkawa ba su da ladabi. Bayanin Murphy ya fi wannan zurfi: a Birtaniya kalmar ta zama ta yau da kullum, rashinta ne ake ji, a Amurka kuwa takan zo da ƙamshin umurni ko ƙosawa, kamar ta uwa ga yaron da ya ƙi ji, don haka mai son ya nuna wa abokin aikinsa cewa su tsara ne sai ya guje ta.

To, daga ina wannan rabuwa ta samo asali? Amsar da ta fi gamsarwa tsohuwa ce, kuma Bafaranshe ne ya ba da ita. Alexis de Tocqueville ya zaga Amurka a 1831, a juzu'i na biyu kuma na littafinsa a kan dimokuraɗiyyar Amurka, wanda ya fito a 1840, ya lura cewa in Turawan Ingila biyu suka gamu a wata ƙasa mai nisa, sai su riƙa satar kallon juna, kowa yana ɗari-ɗari, alhali Amurkawa biyu nan take suke zama abokai. Dalilin da ya bayar shi ne, a Ingila ta zamaninsa akwai darajoji hawa-hawa, amma dukiya ta fara rikita su, ba a iya gane matsayin mutum da gani ɗaya. Saboda haka kowa yana tsoron kada ya saki jiki da wanda bai kai shi ba, ya jawo wa kansa abotar da za ta zame masa kaya. Kamewa ta zama garkuwa. Amurka kuwa tun daga tushe ta yi watsi da sarautar gado. Tsarin mulkinta ya hana gwamnati ba kowa laƙabin sarauta, a 1789 kuma, da John Adams da waɗansu 'yan majalisar dattawa suka so a laƙaba wa George Washington wani kirari mai kama da na sarakuna, shawarar ba ta sami karɓuwa ba, aka tsaya a kan Shugaban Amurka kawai. Inda aka ɗauka cewa kowa daidai yake da kowa, kewaye-kewaye yakan zama abin zargi, domin mai yinsa kamar yana nuna cewa akwai tazara ne. Ba a manta ba, wannan daidaito na farar fata ne a wancan zamani. Bawa baƙar fata da ya yi wa ubangidansa magana kai tsaye ya san abin da zai biyo baya.

Matafiyan Ingila na wancan ƙarni ba su ga abin da idon Tocqueville ba. Frances Trollope, wadda ta zauna a Cincinnati daga 1828, ta cika littafinta na 1832 da ƙorafi: barori ba su yarda a kira su barori, suna so su ci abinci tare da uwargida, maƙwabta suna faɗowa gida ba tare da an gayyace su ba, maza kuma suna tofar da yawun taba ko'ina. Ya kamata dai a tuna cewa kasuwancin da ta kafa a garin ya karye, ta koma gida da bashi, mai jin haushi kuwa ba a cika samun adalci a alƙalaminsa ba. Bayan shekara 110, a 1942, Ma'aikatar Yaƙi ta Amurka ta ga wajibi ne ta buga wa sojojinta masu tafiya Birtaniya ɗan littafin gargaɗi, inda aka ja kunnensu kada su ɗauki shirun mutanen ƙasar a matsayin ƙiyayya, kada kuma su yi alfahari da albashinsu. Littafin ya danganta kamewar da cunkoso, wai mutane masu yawa a ƙaramin tsibiri dole su koyi tsare sirrinsu. Wannan hujja tana da daɗin ji, sai dai ba ta da ƙwari, domin ƙasar Holan ta fi Birtaniya cunkoso, mutanenta kuwa su ne suka yi suna a Turai wajen faɗin magana gatsal.

Duk wanda ya tsaya a nan zai tafi da cewa Ba'amurke mai fayyacewa ne, Baturen Ingila mai sakayawa. Wannan rabin gaskiya ne. Erin Meyer, Ba'amurkiya mai koyarwa a makarantar kasuwanci ta INSEAD a Faransa, ta nuna a littafinta The Culture Map na 2014 cewa Amurkawa sun fi kowa fayyace umurni da bayani, amma in an zo wajen suka sai su naɗe ta cikin yabo, a faɗi abubuwa masu kyau biyu ko uku kafin a saka gyaran a tsakiya. Ma'aikacin da bai saba ba yana iya fita daga ofishin maigidansa yana murna, alhali gargaɗin kora aka yi masa. Ashe kowannensu yana sakayawa: Baturen Ingila yana rage wa magana nauyi, mai daɗi da marar daɗi, Ba'amurke kuma yana ƙara wa mai daɗin nauyi har ta danne marar daɗin. Gayyatar cin abinci da Baturen Ingila yake yi a bakin ƙofa ba tare da sa rana ba, da alkawarin sake haɗuwa da Ba'amurke yake yi da fara'a, duka biyu sallama ce kawai, wanda ya ɗauke su da gaske zai sha jira.

Majalisun dokokinsu ma sun juya hoton. A zauren wakilai na Birtaniya, kowace Laraba in majalisa tana zama, Firayim Minista yakan tsaya ya amsa tambayoyi cikin ihu da shewa da baƙar magana irin wadda ba a saba yi wa shugaban Amurka a gaban idonsa ba. Amma duk wannan hayaniya tana tafiya ne cikin ƙa'ida: ba a yi wa abokin hamayya magana kai tsaye sai ta hannun Kakakin majalisa, ana kiransa mai daraja wakilin mazaɓa kaza, kuma haramun ne a ce masa maƙaryaci. Wani lafazi da Churchill ya yi a 1906, mai ma'anar rashin daidaiton kalma, shi ya zama mayafin da ake lulluɓe wannan zargi da shi. A Yulin 2021 an fitar da 'yar majalisa Dawn Butler daga zauren na sauran wunin saboda ta ce Boris Johnson ya yi ƙarya, ta kuma ƙi janyewa. A Amurka kuwa, da ɗan majalisa Joe Wilson ya katse jawabin Barack Obama a Satumbar 2009 da zargin ƙarya, abin ya girgiza ƙasar, ya nemi gafara a daren, majalisa kuma ta zartar da ƙudurin tsawata masa. Watau dai Turawan Ingila sun iya yanka, sharaɗin kawai wuƙar ta kasance cikin kube mai ado. Tsakanin abokai ma haka ne: zolaya da zagin wasa, kusan irin na taubasai, su ne alamar cewa Baturen Ingila ya karɓi mutum, yawan ladabi kuwa alama ce ta cewa har yanzu baƙo ne.

Sa'an nan ba a taru aka zama ɗaya ba. Mutumin Yorkshire a arewacin Ingila yana tinƙaho da faɗin abin da ke ransa, yana kuma ganin na kudu a matsayin mai nuƙu-nuƙu. A kudancin Amurka yaro ba ya amsa wa babba sai da lafazin girmamawa, kuma akwai sa albarkar da in dattijuwa ta yi wa mutum, habaici ne. Deborah Tannen ta ɗauki muryoyin mutum shida a wata liyafa a Berkeley a 1978, uku 'yan New York, biyu 'yan Kalifoniya, ɗaya 'yar Ingila, ta nuna a littafinta na 1984 cewa 'yan New York suna tsoma baki cikin maganar juna, suna jero tambayoyi, don nuna sha'awa, 'yan Kalifoniya kuwa suka ji an danne su. Ga Amurkawa biyar a tebur ɗaya, amma ladabinsu bai zo ɗaya ba.

Ɗalibin Hausa yana da rabo a cikin wannan zance, domin Ingilishin da ya koya a makaranta na Birtaniya ne, wanda yake ji a finafinai da intanet kuwa galibi na Amurka ne, kuma neman ƙarin ilimi yana iya kai shi Landan ko Indiana ko Wisconsin. A wani fanni ya fi Ba'amurke shirin fahimtar Baturen Ingila, tun da ya tashi cikin al'ummar da ta san kara da kunya, wadda a cikinta "sai an duba" takan zama ƙi, "Allah ya ba da haƙuri" kuma takan sallami mai roƙo ba tare da an ce masa babu ba. A laccar A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki, wadda Jami'ar Indiana ta buga a 1974, gaskiya da kunya duka suna cikin siffofin da ya lissafa, ko da yake duk Bahaushe ya san sau da yawa ɗaya takan taka ƙafar ɗaya. Amma sanin cewa ana sakaya zance bai isa ba, sai an san da wane zane ake sakaya shi. In malamin Ingila ya rubuta a gefen babi cewa yana da 'yan ƙananan shawarwari, ko kuwa wannan ra'ayi na jarumta ne, mai yiwuwa babin ne gaba ɗaya yake so a sāke. In malamin Amurka ya buɗe da cewa aikin ya ƙayatar ƙwarai, ainihin saƙon yana bayan kalmar "amma".

Inda abin ya fi ciwo shi ne takardar shaida da maki. A jami'o'in Birtaniya, da na Nijeriya da suka gaji tsarinsu, maki 70 shi ne matakin daraja ta ɗaya, a yawancin makarantun Amurka kuwa 70 matsakaicin sakamako ne. Haka yabo yake. Malamin da ya sami tarbiyyar Ingila, in ya rubuta cewa ɗalibinsa mai ƙwazo ne, abin dogara, ya kai maƙura a ganinsa. Kwamitin ɗaukar ɗalibai a Amurka, wanda ya saba karanta cewa mai nema yana cikin fitattun da malaminsa ya taɓa koyarwa, sai ya ga takardar ta yi sanyi, ya zaci akwai wani aibi da aka yi shiru a kansa. In aka juya, kwamitin Ingila yakan karanta takardar Amurka ya rage mata rabi tun kafin ya kai ƙarshenta. Shi kuwa ɗalibin da ake magana a kansa galibi ba ya ganin takardar, wasiƙar amsa kaɗai take iso masa.